Yaya zan koya wa ƴan CM1 (aji biyar na firamare) taimakon mai yunwa, alhali mai yunwar yana zaune a ajin?

Madam ta CM1:

Assalamu alaikum. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda suka daɗe suna riƙe da alli.

Ina koyarwa a wata lakwal ta gwamnati nan cikin garin Maradi, yara 63 ne a ajina. Abin ya samo asali tun ambaliyar 2024. Kun tuna ruwan ƙarshen watan Agusta, yadda gidajen ƙasa suka yi ta zubewa, jama'a suka tare a makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa aji daga 2 ga Oktoba zuwa 28. Da muka koma, mun tarar da baƙin hayaƙi a bango inda wata baiwar Allah ta riƙa ɗora tukunya. Yara suka ce, "Madam, su wa suka kwana nan? Ina suka koma?" Ban ba su amsar kirki ba, abin kuma ya tsaya mini a rai.

Bana sai na ce bari mu yi wani abu da hannunmu. Kowace Juma'a kowane yaro ya zo da hatsi cikin gwangwanin tumatir ɗaya, mu tara, ƙarshen wata mu kai wa masu buƙata. Na aza kwano bisa tebur, ina kiran suna, kowa na zuwa yana zubawa. Juma'a ta uku na kira wata yarinya, ta sunkuyar da kai. Wani yaro daga bayan aji ya ce, "Madam, ita ai ba ta kawowa, su za a kai wa." Aji ya kwashe da dariya.

Kwana huɗu ba ta zo ba. Da na bi sawu, na same su a bukkar zana cikin kangon wani, ashe tun waccan ambaliyar ba su tada ɗakinsu ba. Uwar ta ce mini, "Ta ce ba ta komawa sai ta samu abin zubawa." Wallahi ƙafafuna sanyi suka yi. Ni da ke son koyar da tausayi, ni na tona asirin yarinya gaban tsaranta.

To in bar abin ne gaba ɗaya, ko akwai yadda ake yi?

Tsohon darakta:

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Kada ki bari. Kuskuren yana wurin kiran suna da kwanon da ke buɗe, kuma shi ma na yi irinsa ina saurayin mushe, wato malamin lakwal.

Ki samu tulu ko buhu ki ajiye bayan ƙofa, ki rufe da zane. Kowa ya sa hannunsa a dunƙule ya fito da shi, ko da abu ko babu. Ke ma ki sa naki. Ranar awo kawai za a buɗe, yara su auna da tiya, su rubuta a allo. Nan lissafinki ya samu: su tambayo a gida tiya nawa ake dakawa a rana, su tambayo kuɗin tiya a kasuwa lokacin kaka, su sake tambaya cikin watan Yuli sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, sabon hatsi bai nuna ba. Yaron da ya ga bambancin da alƙalaminsa ba zai ƙara cewa talaka lalaci ne ya sa shi yunwa ba.

Sannan ki aike su wurin kakanninsu. Tsofaffin garin nan littafi ne da ba a buɗewa. Su tambaye su yunwar 1984, wadda muke kira El Buhari, saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya a zamanin mulkinsa na soja. Su tambayi iyayensu ta 2005, bayan fara da ƙarancin ruwan 2004, lokacin da asibitocin ƙungiyar agaji ta MSF suka cika da yara a nan Maradi, mutanen ƙauye suna jiƙa dilo, wato ƴaƴan anza, kwanaki don ɗacin ya fita kafin a ci. Za ki sha mamaki. Ɗan Alhajin da ake kawowa bisa babur zai dawo ya ce kakarsa ta ci ganyen jiga ta kwana. Daga ranar dariyar nan za ta ragu, don kowa zai gane gidansu ma abin ya taɓa shiga. Har garin da muke ciki, ai ambaliyar Gulbi ta 1945 ce ta tashi mutane daga kwari suka hau tudu. Da yawanmu jikokin waɗanda ruwa ya kora ne.

Ki sanar da darakta da kwamitin iyaye kafin ki ci gaba. Hatsi na fita daga gidajen mutane, gara su ji daga bakinki.

Maman ƴan biyu, Zariya:

Madam, ki yi haƙuri, ni ta wani gefen zan yi magana. Wannan "mu kai wa masu buƙata" ɗin shi ne bai kwanta mini ba. Yara sittin a jere za ki kai ƙofar gidan mutum su tsaya suna kallonsa yana karɓa? Mun taɓa zama gidan ƴan'uwa wata biyar bayan ɗakinmu ya faɗi. An taimake mu, Allah ya saka. Amma ranar da wasu suka zo da shinkafa suka ce mu riƙe buhun a ɗauki hoto, mijina bai ci tuwon daren ba. Don Allah ban da hoto, ban da Facebook, ban da rakiyar yara. A ba uwayen kwamitin mata biyu, su suka san gidan da ba a hura wuta ba, su kai bayan magariba cikin lulluɓi.

Malamin allo, Bagalam:

Hajiya ta yi gaskiya. A Baƙara, aya ta 264, an hana mu ɓata sadaka da gori da cutarwa. Ki karanta musu ita, ki bar yaron da ya yi maganar ya faɗi ma'anarta da bakinsa, ba tare da duka ba. Kuma ki tuna da almajiran da ke tsayawa bakin lakwal lokacin shan iska. Tsaran ƴan ajinki ne. Su san sunayensu tukuna.

Ɗan Aguié:

Madam, a ƙara da aikin da ba ya son kowa ya kawo komai daga gida, irin gayya. In akwai famfo ko rijiya kusa, ku shuka zogale bayan aji, ku kewaye da ƙaya saboda awaki. Cikin ƴan watanni za ku fara tsinka. A nan yarinyar da ba ta da gwangwani za ta iya fin kowa, don irinsu sun san ban ruwa, sun san gyaran ganye. In kuna son iri, ina da shi, sai in ba direba ya sauke muku a tasha.

Madam ta CM1:

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba, na yi magana da darakta jiya, ya amince, tulun ma matarsa ce ta ba mu. Maman ƴan biyu, na soke zuwa da yara, ban taɓa kallon abin daga ƙofar mai karɓa ba sai da kika faɗa.

Yarinyar ta dawo ranar Litinin. Na ba ta riƙon littafin awo, don dama ta fi kowa lissafi. Abu ɗaya ya rage da ban san yadda zan yi ba: uwayen kwamiti sun kawo sunayen gidaje huɗu, gidansu na ciki, kuma ita ce za ta rubuta tiya nawa suka fita. Na ce a rubuta adadi kawai ban da suna. Amma idan ta ga hatsin a gida da dare, za ta gane tulun da ya fito. In kira uwar mu shirya tun yanzu, ko in bari ita ta gaya mata yadda ta ga dama?