Neman shawara kan kuɗin bincike da bayanan ciwon damuwa bayan haihuwa

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Wata 7 ke nan ina fama da binciken digirina na biyu kan ciwon damuwar da ke kama mata bayan haihuwa, abin ya cije.

Babbar matsalata bayanai ce. Na duba alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya da na Global Burden of Disease, wato binciken yawan cututtuka a duniya, amma duk jimillar ƙasa ce. Ni kuwa amsar kowace mace ɗaya-ɗaya nake so, musamman ta ma'aunin EPDS mai tambayoyi 10 da ake gwada damuwar masu jego da shi. Rumbun bayanan NIMH, cibiyar binciken lafiyar ƙwaƙwalwa ta Amurka, kuma sai jami'a ta sa hannu kafin a buɗe maka, takardata tana nan kan tebur tun wata 2 da suka wuce.

Na so in tattara nawa, amma ko kuɗin buga takardun tambaya da sallamar masu taya ni hira da matan ba ni da su. Tallafin gidauniyar Wellcome mai ɗaukar nauyin binciken lafiya ya fi ƙarfin ɗalibi irina.

Don Allah, ina ake samun ƙaramin tallafi na ɗalibai? Wanda ya taɓa roƙon bayanai kai tsaye daga wani mai bincike, yaya ya tsara wasiƙarsa har aka amsa masa?