Muhawara a zauren mata na Gusau: shin ƙwayar tazarar haihuwa tana daskarar da jini?

Maman Sadiya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ƙanwar maigidana yau kwananta huɗu a gadon asibiti. Ƙafarta ta hagu ta kumbura suntum, ga zafi, ko takawa ba ta iya yi. Likita ya ce jini ne ya daskare a jijiya, ya kuma hana ta ƙwayar tazarar haihuwar da ta fara sha wata biyu da suka wuce. Ni dai na ce ƙwayoyin nan guba ne, duk mai sha ta daina.

Hajiya Babba: Allah ya ba ta lafiya. Ai mun sha faɗa. Jinin da ya kamata ya fita duk wata an tare shi, ina za shi in bai taru ya dunƙule ba?

Anti Nas: Amin. Hajiya, ki gafarce ni, abu biyu aka haɗa. Jinin al'ada daga bangon mahaifa yake zuba, idan ya ragu don bangon bai yi kauri ba ne, babu inda yake taruwa. Na wannan baiwar Allah a jijiyar ƙafa yake. Amma Maman Sadiya tana da gaskiya a wani ɓangare. Ƙwaya mai haɗi biyu, wato wadda aka haɗa sinadarai iri biyu a cikinta, tana ɗauke da sinadarin istrojin, shi kuwa yana sa hanta ta ƙara sarrafa abubuwan da ke daskarar da jini, ta rage masu hana shi daskarewa. Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko, musamman watannin farko. Abin tsoron shi ne gudan jinin ya ɓalle ya tafi huhu.

Maman Sadiya: To kin ji! Da bakinki kika faɗa, Anti.

Anti Nas: Na faɗa, amma ki saurari lissafin. Hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta yi bita a 2013. Cikin mata 10,000 da ba sa shan komai, kusan 2 ne ke samun wannan ciwo a shekara. Masu shan ƙwaya mai haɗi biyu da ke ɗauke da sinadarin levonorgestrel, irin Microgynon da muka saba gani, 5 zuwa 7. Masu drospirenone ko desogestrel, 9 zuwa 12. A ma'auni ɗaya, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka (FDA) ta ce masu juna biyu 5 zuwa 20 ne, masu jego kuwa 40 zuwa 65. Wato macen da ta watsar da ƙwaya don tsoro, ta ɗauki ciki kan ciki, ta faɗa haɗarin da ya fi wanda ta guda.

Amaryar Kaura: Anti, wannan lissafin Turawa ne fa. Jikinsu daban, cimarsu daban.

Anti Nas: Tambaya mai kyau, ƙanwata. Akwai wani lahanin jini na gado da ya fi yawa a Turawa, a wurinmu da wuya a gan shi. Mu kuma muna da namu: sikila tana ƙara haɗarin daskarewar jini, ga hawan jini da mata da yawa ke yawo da shi ba su sani ba.

Malama Hauwa: Ni abin da ke ci min tuwo a ƙwarya shi ne yadda ake sayen ta. A aiki yaro kemis kamar za a sayo farasitamol. Ni kaina haka na yi bayan haihuwata ta uku, ko arba'in ban yi ba, mai kemis bai tambaye ni komai ba ya miƙo. Sai da na kai jariri rigakafi malamar asibiti ta gani ta karɓe, ta ba ni ta masu shayarwa.

Anti Nas: Nan matsalar take. Mai shayarwa ba ta shan mai haɗi biyu kafin mako 6 da haihuwa. Haka wadda jininta ya taɓa daskarewa, da mai hawan jini, da mai ciwon ɓarin kai da ke zuwa da walƙiya a ido, da mai shan taba da ta kai shekara 35. Ƙiba sosai ma ana duba ta. Duk waɗannan akwai musu mafita: ƙwaya marar istrojin, ashanar hannu, ko robar mahaifa.

Hajiya Babba: Ni dai har yanzu zuciyata ba ta kwanta ba. A zamaninmu goyon ciki gida ake tafiya, a yi shekara biyu.

Malama Hauwa: Hajiya, wane maigidan ne zai yarda da wannan yau?

Maman Sadiya: Anti, yanzu na kira ƙanwar maigidan nawa. Ta ce a kemis ta saya, ba a auna jininta ba, kuma mahaifiyarsu ma ta taɓa irin wannan kumburin ƙafar bayan haihuwa. Ni ma ita nake sha shekara uku. In daina?

Anti Nas: Maganar mahaifiyar a gaya wa likitanta yau, yana da muhimmanci, 'yan uwanta mata ma su sani. Ke kuma kada ki yanke da kanki, dainawa da komawa yana maido da haɗarin farko. Ki zo da katin ƙwayar gobe a auna ki. Amma duk wadda ta ga ƙafa ɗaya ta kumbura da ciwo, ko numfashi ya sarƙe mata, ko ƙirji ya soke ta, ko tari da jini, kada a tsaya matsa ƙafar ko gasa ta da ruwan zafi, a nufi asibiti ko da tsakar dare ne.

Maman Sadiya: To Anti, zan shigo da safe in sha Allah.