Ina kuke ajiye tsofaffin waƙoƙinku a intanet?

Abban Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Ina da kaset-kaset da mahaifinmu ya bari, mafi yawa na makaɗan fada da na noma, wasu ma a wurin biki aka ɗauke su da rikoda. Na kai an juye min su sun koma MP3, yanzu suna kan memori guda ɗaya. Irin waɗannan ba a samunsu a Spotify ko Boomplay, idan suka salwanta shi ke nan. Wanda ya taɓa ɗora nasa a ma'ajiyar intanet yana saurara daga can, don Allah ya faɗa mana yadda ya ji da abin.

Ɗan Fagge: Wa'alaikumus salam Malam. Ni da Google Play Music na fara, lokacin suna barin mutum ya ɗora har waƙa 50,000 kyauta. Da suka rufe shi a ƙarshen 2020 sai na kwashe nawa zuwa YouTube Music, wanda ke karɓar har 100,000. Abin da ya fi min daɗi, waƙar da ka ɗora da kanka tana ci gaba da yi ko ka kulle fuskar waya, ba talla, ko da ba ka biyan kuɗin wata. Amma da kwamfuta ake ɗorawa, manhajar waya ba ta yi. Kuma kai kaɗai ke jin kayanka, ba za ka iya turawa wani ba.

Wata shawara, kafin ka ɗora ka zauna ka gyara sunayen. Masu juye kaset kan bar su a Track 1, Track 2, kuma idan suka hau haka sai ka rasa ta Shata ka rasa ta Ɗanƙwairo. Rubuta sunan makaɗi, wanda aka yi wa waƙar, da shekara idan tana jikin kwalin kaset ɗin. Aikin yana da cin rai, amma jikokinka za su gode maka.

Maman Ihsan: Ni dai Google Drive nake amfani da shi saboda 'yan'uwa. Waƙoƙin amada na kakarmu nake tarawa, irin na zamanin marigayiya Barmani Choge, ga kuma na bukukuwan gidanmu. Na buɗe jaka ɗaya na ba yayata da ke Maraɗi da ƙanena da ke Kumasi izinin shiga, kowa ya samu sabuwa sai ya zuba. Sai dai a sani 15GB ɗin da suke bayarwa kyauta haɗe yake da Gmail da hotuna, in ya cika har saƙon imel ya daina shigowa.

Abban Sadiq: Hajiya na gode. To 15GB ɗin zai ɗauki nawa?

Injiniya: Bari in amsa wannan, Malam. MP3 mai matsakaicin inganci, wato 128kbps, yana cin kusan 1MB a minti ɗaya. Kaset mai awa ɗaya ya tashi wajen 60MB ke nan, don haka 15GB zai ɗauki kamar kaset 250 idan babu wani abu a ciki. Lissafin data ma haka yake: duk awa ɗaya da ka saurara kai tsaye daga intanet, kusan 60MB ya tafi. Shi ya sa nake sauke waɗanda na fi ji a waya da dare, sauran su zauna can.

Abin da zan jaddada shi ne kada ka goge na memori don ka ɗora. Amazon ma sun taɓa barin mutane su ajiye waƙoƙinsu, daga baya suka janye tsarin. Google kuma tun Disambar 2023 suke da ikon share asusun da aka yi shekara 2 ba a taɓa ba. Ka sayi hadis na waje, wato hard disk da ake jonawa da kwamfuta a adana fayiloli, ka yi kwafi na biyu, ka ajiye a gidan wani ɗan'uwa. Kaset ɗin ma a adana su inda ba zafi ba laima.

Direban Zinder: Mu da ke kan hanya sauraro kai tsaye ba ya mana. Kana fita gari sabis ya ɗauke, waƙa ta tsaya a tsakiyar amshi. Ni a Telegram nake zuba nawa, a wurin saƙonnin da mutum ke ajiye wa kansa, kyauta ne kuma fayil ɗaya yana iya kai 2GB. In zan yi lodi sai in sauke na tafiyar tun ina tasha.

Maman Ihsan: Yaya direba, ka kula da layin da ka buɗe Telegram ɗin da shi, don da lambar waya ake shiga. Ka sa masa kalmar sirri ta biyu, ka kuma riƙa amfani da layin kada a ba wani.

Abban Sadiq: Allah ya saka da alheri baki ɗaya. Zan fara da gyaran sunayen a wannan makon, in sa na fada a YouTube Music, na bukukuwan gida kuma a Drive saboda ƙannena. Injiniya, hadis mai girman nawa kake ganin zai ishe ni?

Injiniya: Ko 500GB ya yi maka yawa, Malam. Ka dai gwada shi a shagon kafin ka biya.