Makirufona ba ya ɗaga murya sai da ƙarar "shuu", wace na'ura zan saka a layi?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Makirufo Shure SM7B nake haɗawa da akwatin shigar da sauti cikin kwamfuta, Focusrite Scarlett 2i2 zubi na uku. Sai na murɗa maɓallin ƙarfi kusan ƙarshe kafin murya ta fito, ga "shuu" a ƙarƙashinta, ga kauri kamar ana magana cikin tulu. An ce in sayi busta, wato ƙaramar na'urar ƙara ƙarfin sigina da ake sakawa a layi. Wacce ta dace, kuma za ta gyara kaurin?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam Malam. Matsala biyu ce, kada ka haɗe su. SM7B dainamik ne (irin makirufon da ba ya buƙatar wuta) mai raunin sigina, yana son ƙarin kusan desibel 60 (ma'aunin ƙarfin sauti), akwatin naka kuma iyakarsa 56. A ƙarshen maɓalli ne na'urar ƙara ƙarfi ta cikin akwatin take tona hayaniyarta. Busta tana ɗaga siginar tun kafin ta isa can. A cikin bustoci, Cloudlifter CL-1 tana ba da har desibel 25, FetHead ta Triton Audio kusan 27, Dynamite DM1 ta sE Electronics 28. Bambancinsu a kunne kaɗan ne.

Haɗi: makirufo, busta, sannan dogon kebul na XLR (mai ƙafa uku) zuwa akwati. Busta ta zauna kusa da makirufo, don siginar da za ta bi dogon kebul ta riga ta yi ƙarfi. Rage maɓalli ƙasa, kunna wutar fantom ta 48V (wutar da akwati ke tura wa busta ta cikin kebul), sannan ka ɗaga a hankali har murya mafi ƙarfi ta tsaya tsakanin desibel -12 da -6 a ma'aunin sauti. Yawancin masu cewa "bustata ta mutu" fantom ne ba su kunna ba, ko sun yi amfani da kebul mai kan jak, wanda ba ya ɗaukar wutar.

Amsa ta biyu:
Kafin ka kashe kuɗi, gwada wannan: kashe fanka da na'urar sanyaya ɗaki, ka naɗi shiru na daƙiƙa 10. Idan "shuu" ɗin ya ragu sosai, daga ɗaki yake, busta kuwa za ta ɗaga shi tare da muryarka daidai wa daida. Kuma matso da baki, tazarar yatsu uku ko huɗu. Rage tazara zuwa rabi yana ƙara kusan desibel 6 kyauta.

Amsa ta uku:
Kan kaurin, busta ba ta gyara shi. Matsowar da ɗan'uwa ya ambata ma ƙara shi take yi, haka irin waɗannan makirufon suke. Juya bayan SM7B, akwai ƙananan makunnai biyu: ɗaya yana sare kaurin ƙasa, ɗaya yana fito da tsakiyar murya. Fara da na farko kaɗai, na biyun yakan sa harafin "s" ya yi kaifi. Ga wanda makirufonsa ba shi da su, akwai matatar layi Shure A15HP mai sare sauti mai kauri daga 100 Hz zuwa ƙasa. A sa ta tsakanin makirufo da busta, hanyar fantom ta zauna babu shamaki. Cloudlifter CL-Z kuma tana da maɓallin imfidans (turjiyar lantarki da makirufo ke gamuwa da ita) daga om 150 zuwa 15,000. Ƙasa murya ta yi siriri, sama ta buɗe. A ganina tsadarta ba ta biya ga mai magana kawai.

Mai tambaya:
Na gode. Ina da makirufon kondensa ma (irin mai aiki da wutar fantom), zan iya sa masa bustar?

Amsa ta farko:
A'a Malam. CL-1, FetHead da DM1 suna cinye fantom, ba sa miƙa shi gaba, kondensa zai yi tsit. Akwai FetHead Phantom da ke wuce da wutar, amma kondensa da wuya ya buƙace ta, siginarsa da ƙarfi take fitowa.