Wane binciken halittu ake iya yi da hunturu kafin neman izinin gini a Ingila?

Abu_Sadiq:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wani fili ne a Ingila ake shirin gina gidaje a kansa. Akwai tsohon sito na bulo, da shingen itatuwa, da manyan bishiyoyi, sannan ga tafki a gonar maƙwabta. Yanzu muna Nuwamba, an ce duk binciken dabbobi da tsirrai sai sanyi ya wuce. Haka abin yake, ko akwai wanda za a fara tun yanzu?

Maman_Hanif:
Wa alaikumus salam Malam. Kada ku zauna jira. Binciken share fage, wanda ake kira PEA a taƙaice, kowane wata ana yin sa. Masani zai karɓo bayanan halittun da aka taɓa gani a yankin, ya taka filin da ƙafa, ya zana taswirarsa, ya faɗi binciken da zai biyo baya.

Sitonku ne ya fi damuna, saboda jemagu. Ana duba shi ciki da waje da tocila mai ƙarfi: tsagar bulo, ƙarƙashin rufi, mahaɗar katako. Babbar alama ita ce kashi. Na jemage ya yi kama da na ɓera, amma in ka murza shi tsakanin yatsu sai ya zama gari mai ɗan ƙyalli, domin ɓawon ƙwari ne zalla. Na ɓera tauri gare shi. Bishiyoyi kuwa yanzu ne lokacinsu, tunda ganye ya zube, daga ƙasa ana hango kogo da tsagaggen reshe da ɓawon da ya ɗago.

In akwai ɗakin ƙarƙashin ƙasa ko wuri mai sanyi da danshi, ana binciken masu barcin hunturu daga Disamba zuwa Fabrairu, yawanci ziyara biyu, ɗaya a Janairu ɗaya a Fabrairu, tare da na'urar naɗar sautinsu da ake bari a wurin. Wannan sai mai lasisin Natural England, hukumar gwamnati mai kula da muhallin halittu a Ingila. Jemagen da aka tayar daga barci yana ƙona kitsen da ya tara, ga shi babu ƙwarin da zai ci ya mayar. Ƙidayar fitowarsu da magariba kuma ba ta yiwuwa sai Mayu zuwa Satumba.

Injiniya_BK:
Hajiya ta gama da jemagu, bari in ƙara da baja, dabbar nan dangin dage. Dokar 1992 ta kare ta har da raminta. Da hunturu ciyawa ta kwanta, ramin ba ya ɓoyuwa. Bakinsa ya fi faɗi a kan tsayi, da tulin ƙasa a gaba. A duba wayar shinge ko gashi ya maƙale, mai kauri, fari da ɗaurin baƙi kusa da tsini, a kuma nemi 'yan ramukan da suke kashi a ciki. Sai dai a Disamba da Janairu ba su cika fitowa ba, ramin da ake zaune a ciki zai iya kama da kufai. A kafa kyamara, ko a sake dubawa daga Fabrairu zuwa Afrilu. Lasisin rufe rami galibi daga 1 ga Yuli zuwa 30 ga Nuwamba ake ba da shi. Wanda ya gano rami a makare, aikinsa zai tsaya cak.

Tsuntsayen hunturu kuma nasu ne ba ya jira. In filin yana kusa da bakin teku ko fadamar da doka ta keɓe, ana ƙidaya su aƙalla sau ɗaya a wata, Nuwamba zuwa Fabrairu, wani lokaci Oktoba zuwa Maris. Kun riga kun shiga lokacin.

Dattijo_Muhalli:
Duk daidai ne, amma kada a ɗora wa hunturu abin da ba zai ɗauka ba. Tantance ciyayi ya fi inganci daga Afrilu zuwa Satumba. Filin da ke cike da furanni a Yuni, a Janairu kamar makiyaya kawai za a gan shi. Tun shekarar 2024 yawancin gine-gine a Ingila sai sun nuna ƙarin kashi 10 cikin 100 na darajar muhallin halittu, kuma daga wannan tantancewar lissafin yake farawa. In an raina filin, ƙaramar hukuma na iya mayar da rahoton.

Tafkin nan ma abin lura ne saboda ƙadangaren ruwa mai tukku, wanda doka ta kare. Ana duba tafkunan da ke cikin mita 500. Yanzu iya dacewar tafkin za a auna: girmansa, inuwa, ko akwai kifi. Ɗibar ruwa don gwajin DNA, wanda ke nuna ko ƙadangaren yana ciki, sai 15 ga Afrilu zuwa 30 ga Yuni. Ku nemi izinin mai gonar tun yanzu, rashinsa na sa wa'adin ya kuɓuce, shekara guda ta tafi.

Abu_Sadiq:
Allah ya saka da alheri. To shingen fa? Za mu iya sare shi kafin tsuntsaye su fara sheƙa?

Dattijo_Muhalli:
Ɗan'uwa, a dakata. Gaskiya ne lokacin sheƙa Maris zuwa Agusta ne, shi ya sa ake sara tsakanin Satumba da Fabrairu. Amma cire shingen karkara na buƙatar sanar da ƙaramar hukuma, tana da kwana 42 ta ba da amsa. A gindin shingen kuma ƙadangarun nan da bushiya suke barci, tumɓuke saiwa da hunturu kashe su ne. Sannan duk ɓarnar da aka yi wa fili tun daga 30 ga Janairu 2020, da darajarsa ta da za a yi lissafi, ba ku rage komai ba. Ku bari rahoton share fage ya fito tukuna, shi zai nuna inda za a datse da inda za a bari.