Baƙin bogi a shafi, shara a imel: wa ya taɓa fama da su?

Mai kula da shafin makaranta, Ƙofar Marusa:
Assalamu alaikum. Ina kula da shafin intanet na wata makarantar kuɗi a nan Katsina. Kwanan nan na buɗe AWStats, manhajar ƙididdigar maziyarta da ke cPanel (wurin sarrafa shafi), sai na ga maziyarta sun ninka, amma adireshin da rajistar ziyara ta ce ta nan suka biyo duk na caca ne da tallar magani. Fom ɗin neman gurbi kuma ya cika da Turanci ba kai ba gindi, har saƙon iyayen yara na ɓacewa a ciki. Don Allah wanda ya taɓa shiga wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam, Malam. Ba mutane ba ne, manhajoji ne da ake saki su yi ta zagaya shafuka. Kowace ziyara tana ɗauke da bayanin inda mai ita ya fito, kuma ba mai tantance shi, don haka sai su rubuta adireshinsu a wurin. Burinsu ka gani ka latsa, ko kuma in shafin ƙididdigarka a buɗe yake, Google ya ɗauka kai ka yi nuni zuwa gare su. Na sha toshe su a fayil ɗin .htaccess mai ɗauke da dokokin shiga shafi, amma ka toshe suna yau, gobe su dawo da sabo. Ban samu sauƙi ba sai da na sa Cloudflare na kyauta, mai tace maziyarta kafin su iso, a gaban shafin. Ka kuma duba rajistar sosai: in da manhajar WordPress aka gina shafin, za ka ga ana ta bugun ƙofofin shigarsa, wp-login.php da xmlrpc.php, dare da rana. Wannan ya fi tada min hankali, don kalmar sirrinka ake lalube.

Mai turaren wuta, Daura:
Ni fom ɗin oda ne ya dame ni. Ɗan yayata ya sa min gwajin nan na zaɓen hoton mota da fitilar hanya. Sharar ta tsaya, amma ciniki ma ya ja baya, domin masu saye daga Mai'adua da Zango sabis bai isa hotunan su buɗe ba, sai su haƙura. Wallahi abin ya yi min ciwo. Daga baya ya cire, ya sa wani gurbi ɓoyayye da mutum ba ya gani amma manhaja ke cikewa. Duk saƙon da ya zo da gurbin a cike, shara ne. Ya haɗa da Akismet, manhajar tace shara. Yanzu lafiya lau.

Ma'aikacin ofis, Sabon Layi:
Hajiya, kin taɓo inda ke min ƙaiƙayi. SpamAssassin, mai tace mana sharar imel, maki yake ba kowane saƙo, wanda ya kai 5 ya ware shi. Wanda na gada a ofis ya sauke zuwa 2, ya kuma sa a riƙa gogewa kai tsaye, takardun gayyata na gaske suka yi ta salwanta ba wanda ya sani. Na mayar da shi 5, na hana gogewa, ina leƙa akwatin sharar kowace safiya.

Akwai kuma ɗaya ɓangaren. An saci kalmar sirrin wani abokin aikinmu aka yi ta aika shara da sunanmu, har adireshin sabarmu, kwamfutar da ke aika mana imel, ya shiga baƙin jerin masu aika shara na Spamhaus, imel ɗinmu ya daina isa ko'ina. Sai da muka sauya kalmomin sirri, muka saita SPF da DKIM da DMARC, hanyoyin tabbatar da cewa imel daga gare mu ya fito, sannan muka nemi a cire mu. Tun Fabrairun 2024 Gmail da Yahoo suka tsaurara, mai aika saƙo 5,000 a rana zuwa ga masu Gmail dole ya cika ukun nan. Mu ƙanana ma gara mu yi.

Ɗaliba, Ƙofar Guga:
Babana ya samu imel wai za a rufe masa asusu in bai tura BVN da lambar katinsa ba. Allah ya sa ya nuna min kafin ya taɓa. Tambayata, in na latsa wurin da suka ce a cire suna, za su daina?

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura:
A'a ƙanwata, in ba ki san mai saƙon ba kar ki latsa, tabbatar musu za ki yi cewa akwai mai karantawa. Ki danna alamar kai ƙarar shara, da haka Gmail ke koyon gane irinsa. Ki kuma faɗa wa Baba banki ba ya neman lambar kati ta imel.