Wane suna za mu ba Anthocoridae da Hausa?

Malamin gona, Garwa: Assalamu alaikum. Muna neman suna ga ƙananan ƙwarin nan na iyalin Anthocoridae da Faransawa ke kira punaises des fleurs. Manomi na jin "punaise" sai ya tuna da jan ƙwaron da ke ɓata auduga, ya ɗauko famfon feshi, alhali waɗannan abokansa ne. Tsawonsu milimita 2 zuwa 5. Da tsinin baki suke soke ƙwan tsutsar auduga da darɓa da farin ƙuda da ƙananan ƙwarin da ke zubar da furen wake, su tsotse ruwansu.

Daga Marwa: Wa alaikumus salam, Malam. A Girkanci anthos fure ne, koris kuɗin cizo, kuma waɗannan ƙwarin danginsu ɗaya da kuɗin cizo da gaske: duka suna cikin rukunin ƙwari masu tsinin baki, Hemiptera, reshen Heteroptera. Na so a ce "kuɗin fure", sai na ga duk wanda ya karanta zai zaci farashi ake nufi.

Malama, Njamena: "Kazunzumin fure" ma ba zai yi ba, yaya. Babu mai barin kazunzumi a gonarsa. Masu kawo "ɗan fashi" daga sunansu na Turanci, pirate bug, su ma su haƙura, sunan ɓarna ne. Ni dai "dogarin fure" nake gani: yana zaune inda dukiya take, yana kama mai ɓarna. Ya fi dacewa da jinsin Orius, musamman Orius albidipennis da ke yankinmu na Sahel har ya kai Masar da Gabas ta Tsakiya da Indiya. Orius insidiosus na Amurka ne, Orius laevigatus kuma ana kiwonsa a Turai ana sayar wa masu noman barkono a ɗakunan gilashi.

Daga Marwa: To, amma ba duka ke zama a fure ba. Xylocoris flavipes a cikin hatsin ajiya yake, yana cin ƙwai da tsutsar ƙwarin da ke cikin garin hatsi da dawa. Wasu kuma ƙarƙashin ɓawon itace.

Malama, Njamena: Wannan sai ya zama "dogarin rumbu". Iyalin gaba ɗaya "dangin dogarin fure". A lura dai, tun 1991 masana suka ware jinsunan Lyctocoris da Lasiochilus zuwa iyalai na daban, kada a cusa su ciki.

Malamin gona, Garwa: Na karɓa. Abin da ya rage shi ne a nuna shi ido da ido, domin suna kaɗai ba zai hana feshi ba. A kaɗa furen wake ko na auduga a kan farar takarda da safe, a duba da tabarau mai ƙara girma sau 10. Babban baƙi ne da fari-fari a fuffuke, yana gudu da sauri. Ƙaramin ba fuffuke, ruwan ɗorawa zuwa ruwan lemo, da jajayen idanu, kuma akan kashe shi bisa kuskure. Uwar na cusa ƙwanta cikin jikin tsiro, ƙaramin yakan yi saɓa sau biyar, cikin mako 2 zuwa 3 ya girma in akwai zafi. Feshin sipametirin lokacin fure na share su, masu ɓarnar kuma su riga su dawowa saboda sun fi saurin hayayyafa. Dogarin fure yakan ɗan ciji mutum a hannu, ba ya shan jini. Masu shirin rediyo, ku fara da "dogarin fure" a wannan damina mu ji yadda manoma za su karɓe shi.